Ku Tambayi Bakanike: Motocin Gudu, Na Da Da Na Yanzu

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan wata kusan duk wuri ɗaya suka karkata: motocin gudu, waɗannan kwantattu masu ƙofa biyu, da musun da ake ta yi a majalisu da bakin gareji kan ko na da ne suka fi ko na yanzu. Na tsamo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani jama'a da yawa. Masu tambaya kan giyar Sharon da hayaƙin Golf su ƙara haƙuri, saƙonninsu na nan a ajiye sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA: Baba, kullum ni da mahaifina sai mun yi musu. Shi ya ce motocin da su ne ƙarfe, na yanzu gwangwani ne, ko jingina ka yi sai su lotsa, kuma wai duk motocin gudun da nake kallo a waya ba su kama ƙafar na zamaninsu ba. Ni kuma na ce na yanzu sun fi ta kowace fuska. Wa ya fi gaskiya? (Wani matashi daga Jekadafari, Gombe)

AMSA: Ɗana, in kuna wannan hira ka riƙa sassauta murya, domin akwai abin da Babanka ya ɗanɗana wanda kai ba ka taɓa ji a hannunka ba. Amma in gudu tsagwaronsa ake magana, kai ne da gaskiya. Jaguar E-Type da ta fito a Ingila a 1961 ta girgiza duniya, kamfanin ya ce injinta na da ƙarfin doki 265 kuma tana kai kusan kilomita 240 a awa. To Camry ɗin nan da kuke kira Muscle, mai filogi shida, doki 268 gare ta. Motar kai yara makaranta ke nan, da na'urar sanyi da komai, amma in aka tashi tare daga tsaye za ta iya barin waccan Jaguar a baya. Ba a ma zo kan irin su Bugatti Veyron ta 2005 ba, mai doki 1001, wadda ta haura kilomita 400 a awa.

Maganar gwangwani kuwa ita ce nake so ka kai wa Baba cikin ladabi, domin rayuka ne a ciki. Da gangan ake yin gaban mota da bayanta yadda za su murƙushe idan aka yi karo. Ƙarfin bugun dole ya sauka a wani wuri. In ƙarfe bai shanye shi ba, jikin mutum ne zai shanye. Wani injiniyan Mercedes mai suna Béla Barényi ne ya fito da wannan dabara, aka fara sa ta a motocin kasuwa a 1959, shekarar da Volvo ta kawo bel ɗin nan mai ratsa ƙirji da ƙugu. A 2009 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 karo gaba da gaba. Tsohuwar ce ɗakin direbanta ya rufta, sabuwar kuwa gabanta ya tafi amma wurin zama ya tsira. Abin da idona ke gani a gareji ke nan. A jawo tsohuwar mota, ka zagaya ta ka ga bamba ce kawai ta lanƙwashe, sai ka leƙa ciki ka tarar sandar sitiyari ta taso ta kusa taɓa jinginar kujera, ka tambayi mai ita a ce sai dai addu'a. A jawo sabuwa gabanta ya naɗe har gilashi, ka kama ƙofa ta buɗe salin-alin, mai motar na tsaye a gefenka da ƙafarsa yana tambayar nawa ne gyara.

To mene ne Baba yake kewa? Tsohuwar motar gudu tana magana da direbanta. Tsakanin ƙafarka da kafireto waya ce guda ɗaya ta ƙarfe, kana taɓa totur injin ya amsa nan take. Sitiyari babu mai taimaka masa, duk tsakuwar da taya ta taka za ka ji ta a tafin hannu. Kamar hawan doki ne: tun kafin ya yi tutsu ka riga ka ji a linzami. A sabuwa kuwa, kai kana nema ne, kwamfuta ke yanke hukunci. Ita ke auna mai, ita ke riƙe birki kada taya ta kulle, ita ke daidaita motar idan bayanta ya fara zamewa. Birkin ABS na zamani, mai hana taya kullewa, ya shigo da Mercedes a 1978, na'urar hana zamewa ta biyo baya a 1995, kuma ba ƙaramin rai suka ceta ba. Sai dai sun raba direba da wani abu, kuma wanda ya saba da wancan abin ba zai daina nemansa ba. Ga kuma gyara. Tsohuwa ta tsaya maka a Alkaleri, da filaya da sukudireba da sifana biyu za ka goge kwantak, ka busa kafireto, ka kama hanya. Sabuwa ta tsaya, sai an nemo mai na'urar karanta birenbos, wato kwamfutar motar.

Ni zuciyata tana wajen na da, ba na ɓoyewa. Ran Juma'a da yamma, a hankali, gilashi a sauke, babu abin da ya kai su daɗi. Amma in zan ɗauki iyalina zuwa Yola, sabuwa zan shiga.

TAMBAYA: Malam, da gaske ne Fijo 504 ta taɓa cin gasar tsere ta duniya? Wani direba ne ya faɗa a tasha aka yi ta yi masa dariya. (Mai karatu daga Azare)

AMSA: Ku je ku ba shi haƙuri. A 1975 Ove Andersson, mutumin Suwidin, ya ci gasar Safari ta Kenya da 504 mai ƙofa huɗu, irin siffar da muka sani. A wancan zamanin gasar nan ta dubban kilomitoci ce cikin laka da ƙura da duwatsu, kuma yawancin motocin da ke shiga ba sa kai ƙarshe. A 1978 Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da 504 Coupé, wato mai ƙofa biyu, mai injin V6 (filogi shida). Wannan Coupé ɗin kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, waɗanda suka daɗe suna zana wa Ferrari, ta fito a 1969, kuma a wajena tana cikin motoci mafi kyawun fasali da aka taɓa yi. Ba ita aka riƙa haɗawa a Kaduna ba, shi ya sa da wuya ka gan ta a nan.

Ita 504 tamu ta gida, wadda PAN, kamfanin Fijo na Nijeriya, ta yi ta haɗawa a Kaduna har bayan shekarar 2000, ba motar gudu ba ce a takarda, injinta mai kafireto bai cika doki 100 ba. Abin da ya ba ta nasara ƙafafu ne. Tana da tsayi daga ƙasa, shokazobanta na da doguwar tafiya, tana haɗiye rami ba tare da ta watsar da direba ba. Duk wanda ya taɓa shiga wagon daga Bauchi zuwa Jos a hannun tsofaffin direbobin nan ya san inda wata motar ke rage gudu ita a nan take miƙewa. A hanya irin tamu, wannan ya fi yawan dawakai amfani.

TAMBAYA: Oga, Allah Ya hore mini, kuma tun ina yaro nake da burin motar gudu. Ina tsakanin Ford Mustang ta 2016 da Porsche Cayman ta 2007, duka daga Amurka za a kawo. A Bauchi zan riƙa hawa. Wacce za ka ba ni shawara? (Wani ɗan kasuwa daga Fadaman Mada, Bauchi)

AMSA: Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi, Ya sa a hau lafiya. Tsakanin biyun nan Mustang zan ce, duk da na san a wajen iya kwana da daɗin sitiyari Cayman ta fi ta nesa ba kusa ba.

Dalilin farko mai ne. A Turai da Amurka direba na zaɓar darajar fetur a famfo, mu kuwa iri ɗaya ake zuba wa kowa, daga mai babur har mai Porsche. Porsche tana son fetur mai lamba 98. In ta sami ƙasa da haka kwamfutarta za ta ja baya don kare injin, ƙarfin da ka biya kuɗinsa ya ragu, kuma a zafin Maris da Afrilu, lokacin da muke haura digiri 40, za ka iya jin ƙyas-ƙyas a injin in ka taka. Mustang an yi ta ne ta iya shan fetur na gama-gari na Amurka, wanda ya fi kusa da namu. A 2016 injuna uku gare ta: ƙarami mai lita 2.3 da tobo (mai cusa wa inji ƙarin iska), V6 mai lita 3.7, da V8 mai lita 5.0 mai doki 435. Don zaman lafiya V6 ɗin nan marar tobo ya fi, ba ya da fitina kuma doki 300 ba wasa ba ne. In sautin kake so, V8, amma ka san tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowane taku na totur yana da lissafi.

Na biyu gyara. Injin Cayman a tsakiya yake, bayan kujeru, a rufe. Ba buɗe bonet za ka yi ka gan shi ba. Lagiretocinta na can gaba ƙasa-ƙasa a bayan bamba, inda ganye da leda da ƙurar hunturu ke taruwa su toshe su ba ka sani ba. Sannan injunan Porsche na tsakanin 1997 da 2008 an san su da wani boris na ciki da ake kira IMS, wanda in ya watse yakan tafi da injin gaba ɗaya. Ba kowace ke yi ba, amma wadda ta yi a Bauchi sai dai a ɗora ta a babbar mota zuwa Abuja ko Legas. Mustang injinta na gaba, fili ne, bakanike mai hankali da na'urar karantawa zai iya da ita, kayanta kuma ana samu ko a yi oda.

Abin da ya shafe su duka shi ne kwanciya. Tazararsu da ƙasa ba ta kai santimita 15 ba, Hilux kuwa ta haura 20. Kafin ka biya ko kwabo, ka fita da ƙafa daga ƙofar gidanka zuwa kwalta ka duba kwalbatin da za ka hau da tudun rage gudu da ke layinku. Na ga mota mai tsada da kwanon baƙin mai a fashe saboda tudu ɗaya da matasan unguwa suka yi da siminti. Kuma ka guji manyan rim da siririyar taya. Rami ɗaya a hanyar Ningi ya isa ya kumbura tayar ya lanƙwasa rim.

Sai babbar magana. Da yawan motocin gudu da ake kawowa daga Amurka daga gwanjon motocin haɗari suke fitowa, a gyara fuska a fesa fenti. Ka karɓi lambar bodi, mai haruffa da lambobi 17, ka sa a bincika tarihinta a intanet kafin a ɗora ta a jirgi. Sau da yawa har hotunan ranar gwanjon za ka gani. Wadda aka buga ta gefe ko baya kaɗan ana iya zama da ita. Wadda ambaliya ta shanye kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, wayoyinta za su yi ta ruɓewa ɗaya bayan ɗaya har ka gaji. Idan ta iso, a tabbatar jakunkunan iska na nan da gaske, domin akwai masu rufe gurbin su kashe fitilar gargaɗin. Takardun kwastam kuma su zama na gaskiya.

In kuma daɗin tuƙi kake nema ba girman suna ba, ka duba Toyota 86, wadda a Amurka aka fara sayarwa da sunan Scion FR-S, ko Mazda MX-5. Ita MX-5 ta farko a 1989 ko tan ɗaya ba ta kai ba, dokinta bai wuce 120 ba, amma zuwa 2016, in aka haɗa da waɗanda suka biyo bayanta, an ƙera miliyan ɗaya, saboda mota marar nauyi tana ba da daɗi tun a gudun da doka ta yarda da shi.

TAMBAYA: Baba, burina Nissan Skyline GT-R R34. Ana iya kawo ta a mai da sitiyarin hagu? (Ɗalibi daga Kashere)

AMSA: Ɗana, motar ta cancanci a so ta, amma ka bar ta a hoto. Daga 1999 zuwa 2002 aka yi ta, kuma duk da sitiyari a dama suka fito. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, dokar hanya kuma ba ta yarda da mota mai sitiyarin dama ba. Juyawar da ake yi a bakin titi, a yanka a yi walda a ja bututun birki, ban yarda da ita ba ko a motar kasuwa, balle wadda za a taka. Ga shi kuma kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi a duniya, mai yanka ta ya zubar da darajarta da hannunsa.

TAMBAYA: Baba, mahaifinmu ya rasu ya bar wata Datsun 280ZX a ƙarƙashin rumfa a gidanmu, ta fi shekara goma ba a tayar ba. Yayyena sun ce a kira 'yan gwangwan su auna ta. Ni kuwa in na gan ta shi nake tunawa, a cikinta yake kai mu Yankari muna yara. Tana gyaruwa, ko in haƙura? (Wata malamar makaranta daga Yelwa, Bauchi)

AMSA: 'Yata, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Saƙonki ya taɓa ni. Kada a kira 'yan gwangwan tukuna. Motar nan 'yar gidan girma ce: yayarta 240Z, wadda ta fito a 1969, ita ta nuna wa duniya Japan ma ta iya motar gudu, ta kuma ci gasar Safari a 1971 da 1973. Taku an yi irinta daga 1978 zuwa 1983, da injin lita 2.8 mai filogi shida a jere, injin da ba ya mutuwa da wuri in ba a zalunce shi ba.

Ki fara da maganar gado kafin maganar gyara. Mota dukiyar magada ce. A samu masu sanin mota biyu su yi mata kuɗi, a sa a cikin rabo a gaban malami ko alƙali, in kina so ki karɓe ta a kasonki ko ki biya 'yan'uwa nasu. Kada ki kashe kuɗi a kan abin da bai zama naki ba, zumunci ya fi ƙarfe. Kuma in gaya miki gaskiya, 280ZX ba ta kai 240Z tsada a wajen masu tara tsofaffin motoci ba, kuma mai yiwuwa abin da za ki kashe ya fi abin da za a saye ta. Don mahaifinki za ki yi, ba don riba ba.

Abu mafi muhimmanci: kada kowa ya kawo batir ya murɗa makulli don a ji ko za ta tashi. Yawancin tsofaffin injuna a wannan minti ɗin ake kashe su. A cire filogi duka shida, a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a sa sifana a kan fulin gaba a juya injin da hannu. In ya juya sumul, alhamdu lillahi, rabin aiki ya ƙare. In ya cije, a ƙara jiƙa shi, ba a tilasta masa. Daga nan a sauke tanki a wanke, domin fetur ɗin da ya shekara goma ya zama danƙo mai wari. A canza duk robobin mai, ba wasu ba, duka; injinta na injekta ne, man na tafiya da matsi, tsohuwar roba ɗaya ta tsage a kan injin mai zafi sai gobara. Rewaya ya bi wayoyi ɗaya-ɗaya saboda ɓeraye. A zubar da baƙin mai da ruwan lagireto da man birki, a canza robobin birki. Tayoyi ko da zanensu bai goge ba a jefar. Akwai lambobi huɗu a gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Ki sa a ɗaga kafet a duba ƙasa, da gurbin batir, da ramin safaya taya. A nan tsatsa ke fara cin Datsun. Sa'ar da muka yi a Arewa iskarmu busasshiya ce, mota a ƙarƙashin rumfa takan daɗe ba ta ruɓe ba, saɓanin ta bakin teku. Kayan injin ba za su gagara ba tun da wasu Laurel da Patrol na lokacin sun yi amfani da danginsa. A bincika Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas. Fitilu da gilasai da ƙananan kayan ado su ne masu wuya, don haka duk abin da aka kwance a sa a kwali a rubuta, ko ya karye kada a yar. Ki nemi dattijon bakanike wanda ya yi zamani da irinta, wanda ba ya gaggawa. Kuma ina roƙonki, kada ki bari a ce za a cire injinta a sa na wata mota don sauƙi. Sautin da kike tunawa a hanyar Dindima daga wannan injin yake fitowa.

TAMBAYA: Oga, abokaina sun ce sabuwar Toyota Supra ba Supra ba ce, BMW ce aka canza wa riga. Kuma sun ce motar gudu in ba mai giyar hannu ba ce ba ta cika ba. Yaya kake gani? (Ɗalibin injiniya daga Bauchi)

AMSA: Akwai ƙamshin gaskiya a zancensu. Supra da ta dawo a 2019 da injin BMW mai filogi shida take, ƙashinta ɗaya da BMW Z4, kuma kamfanin Magna Steyr ne ya haɗa su biyun a garin Graz na Ostiriya. Kai da kake Bauchi wannan suna ba baƙo ba ne a wajenka: asalinsa daga Steyr-Daimler-Puch ne, gidan da ya zo ya kafa masana'antar haɗa manyan motoci da taraktoci a garinku. Masu ƙorafi tsohuwar suke kewa, wadda aka yi daga 1993 zuwa 2002 da injin 2JZ, mai gangar baƙin ƙarfe da ke jure ƙarin ƙarfi fiye da kima. Ina fahimtarsu. Amma sabuwar mota ce mai kyau, kuma da ba a yi haɗin gwiwar ba da wuya a ce ta dawo ma.

Irin wannan rabuwar kai tana ko'ina. Masoya Porsche 911 sun kasu biyu tun 1998, lokacin da aka daina mai sanyaya injin da iska, irin tsarin Volkswagen Beetle, aka koma ruwa. Har yau wasu na cewa daga nan 911 ta ƙare, alhali na ruwan sun fi gudu kuma sun fi sanyi a cunkoso.

Giya kuwa, in agogo za a bi, atomatik na yanzu mai kuloci biyu ya fi kowane hannu sauri, shi ya sa Corvette ta 2020 ta fito babu giyar hannu sam. Amma masu saye suka yi ta kuka har Toyota ta ƙara wa Supra giyar hannu a 2022. Ni ina tare da masu kukan. Ka koyi giyar hannu ko da ba za ka saya ba; injiniyan da bai taɓa jin inda kuloci ke kamawa a ƙafarsa ba akwai darasin da ya tsallake.

TAMBAYA: Malam, ɗana ya shiga cikin masu wasan mota a wajen ɗaurin aure da rakiyar amarya. Na yi faɗa har na gaji, sai ya ce ya ƙware kuma motar na da birki mai kyau. Me zan ce masa? (Wata uwa daga Tudun Wada, Gombe)

AMSA: Hajiya, Allah Ya shirya mana su. Ki ba shi wannan shafi ya karanta da kansa, da shi zan yi magana.

Ɗana, mota a kilomita 140 tana cin kusan mita 39 a kowace daƙiƙa. Kafin idonka ya ga yaro ya faɗa wa ƙafarka, ka riga ka shafe wannan tazarar ba ka ma taɓa birki ba. In ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa, kuma babu ƙwarewar da ke canza wannan lissafi. A kwalta mai kyau da taya sabuwa, daga 140 sai ka haura tsawon filin ƙwallo kafin ka tsaya. A kan yashin da ke gefen titunanmu, da tayar Beljiyam da ta sha rana, abin ya wuce haka. Waɗanda kake kallo a waya suna juya mota, a rufaffen fili suke, da hular kwano, da ƙarafan kariya a cikin motar, da motar asibiti a tsaye, 'yan kallo kuma na bayan shinge. Kai kuwa 'yan kallonka almajirai ne da ƙannen amarya, ba abin da ya raba su da tayarka. An sha jawo mini motocin irin wannan wasa, kuma akwai wadda na kasa sa wa hannu sai da aka wanke gabanta. Direban ya rayu, amma bai ƙara zama mutumin da aka sani ba, iyayensa kuma suka shiga neman sulhu da biyan diyya.

Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. In da gaske son mota ne ya kama ka, ka zo gareji ka koyi yadda take aiki, ƙofa a buɗe take. Hajiya, ke kuma ki haɗa da mahaifinsa ko kawunsa a karɓe makullin ranar duk da ake biki.

TAMBAYA: Oga, na sayi BMW mai ƙofa biyu, bakanikena ya ce a cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, a haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasar sanyi aka yi shi. In yarda? (Mai karatu daga Kaltungo)

AMSA: Kada ka yarda, ƙanena. An tsara injin ya yi aiki a zafi na wajen digiri 90, wasu BMW ma sama da haka. In aka cire tamostat, da safe da lokacin hunturu injin zai daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfuta ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake ta yi ta ƙara mai, filogi su yi baƙi, fetur ya riƙa wanke bangon silinda. In motar na zafi, akwai dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko robobin da BMW ke yawan sawa a hanyar ruwa sun tsufa sun fara tsatsafo. A nemo shi a gyara. Ka sa sabon tamostat na asali, a wanke lagireto ciki da waje, a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya maimakon na rijiya mai barin gishiri, sannan a fitar da iskar da ta maƙale a bututu kafin ka hau hanya.